Mai Tausa a Bakin Fili

A gefen filin ƙwallo, bayan masana'antun fata na Challawa, wani dattijo yana durƙushe, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Yatsunsa kaurara ne, sinadarin jima ya cinye farcen. Da alama a masana'antar ƙuruciyarsa ta ƙare. Yana murza man zafi a cinyar wani ɗan wasa da ke kwance yana cije leɓe.

"Baba, gobe masu zaɓen 'yan wasa za su zo. Zan iya bugawa?"

Dattijon ya danna tsokar, hannunsa ya tsaya cak. Ta yage, kuma ya san tausa ba za ta gyara ta ba. Bai ɗago kai ba.

"Miƙe ƙafar, Abdulbaqi," in ji shi, yana ƙara lakato man.