Balaraba da Miyar Juma'ar Fada

Balaraba 'yar Burumburum ce. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa sa ƙafa a coci ba, amma shekara bakwai cur ita ce ke ciyar da Fada, wato limamin Katolika na Riruwai.

Aure ne ya kai ta Riruwai a shekarar 1951. Mijinta Mamman mai jakuna ne, yana kai itace da hatsi barikin masu haƙar kuza. A lokacin duwatsun nan cike suke da baƙi, Ibo da Tibi da mutanen kudancin Zariya. 'Yan Katolika daga cikinsu suka kafa wata 'yar coci ta jinka, aka turo musu limami Bature mai suna Fada Duli, dogo siriri, wanda in ya hau babur gwiwoyinsa sai sun kusa taɓa kunnuwansa.

Wata huɗu da zuwansa ba ya cin komai sai kifin gwangwani da biskit. Ya rame har Ɗanjuma, katikis ɗin cocin, wato mai koyar da addini da yi wa Fada tafinta, ya fara tsoron kada Baturen ya mutu a hannunsu.

Zana ce kawai ta raba gidan Fada da na Mamman. Wata rana da la'asar Balaraba tana kaɗa miyar kuka, daddawa ta ji wuta, sai ta ji tari a bayanta. Ta waiwaya, ta ga jan hanci a saman zana.

Fada ya ce, "Sannu da aiki, uwargida. Wannan wari yana da kyau ƙwarai."

Ƙamshi yake nufi, Hausar ce ba ta zauna ba. Balaraba ta ja mayafi ta shige ɗaki, ranta a ɓace. Da Mamman ya dawo ta ce ya kai wa maƙwabcin nan tuwo, ya ji ko warin ya kai cikin miyar. Fada ya cinye malmala uku, ya suɗe kwano, ya aiko yana tambaya ko gobe ma za a yi. Daga ranar girkinsa ya koma hannunta. Mutanen coci suna kawo wa Fada kaji, wani lokaci akuya, Mamman ya yanka da bisimilla, ita ta dafa.

A makon farko Ɗanjuma ya yi sallama a ƙofar gida ya ce, "Iya, akwai doka guda. Ran Juma'a Fada ba ya cin nama."

Ta ce, "Juma'a? Babbar rana?"

"A wurinmu ranar aka gicciye Yesu."

"To, Allah ya kyauta. Ba ya cin nama, shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Balaraba ta yi ta juya maganar. A gidan ubanta ko ana yunwa ba a kai wa baƙo miya lami ran Juma'a. Sai ta samo hanyar da ba za ta karya dokar mutane ba, ba kuma za ta ji kunya ba. Tun hantsi take ɗora ƙafar akuya ko zakara guda, ta bar shi ya dahu har ya saki duk abin da ke jikinsa. Sannan ta tsame naman, ta tace romon da tsumma mai tsabta don kada ko zare ɗaya ya wuce, ta kaɗa kuka a ciki. Fada ya sha miya. Naman kuwa, tunda ba a zubar da abinci, Mamman ya cinye.

Cikin shekara guda Fada ya murmure, Mamman kuma ya yi ƙiba har jakinsa ya fara kaucewa in ya ga zai hau. Mutumin da bai taɓa barin sallar jam'i ba ya zama babu wanda ya kai shi kula da kalandar Katolika. Yakan tare Ɗanjuma a hanya ya ce, "Malam Katikis, wai yaushe ne azuminku na kwana arba'in? Kada fa ku yi sakaci." Da azumin ya zo, Fada ya ce bana zai bar nama gaba ɗaya har Ista, bikin da ke rufe azumin. Mamman ya je har gida ya yi masa jinjina, ya ce, "Ranka ya daɗe, haka ake son malami. Ko ka ƙara goma a kai ba laifi." Fada ya ji daɗi ƙwarai, ya gaya wa jama'arsa cewa ga Musulmi ya fi su son ibadarsu.

Abin bai tsaya nan ba. Fada ya fara sa miyar cikin wa'azi. Yakan ce, "Ku dubi ikon Allah. Garin ganye ne da ruwa kawai, amma miyar Juma'a ta fi ta Lahadi daɗi. Wanda ya bar abu don Allah, Allah yana saka masa tun a kwano." Matan coci suka koma gida suka kaɗa kuka da ruwa, mazansu suka ci suna ɓata fuska. Wasu suka ce imaninsu ne bai kai ba. Laraba matar Ɗanjuma ta yi kwana tara tana addu'a a kan tukunyarta, miya ta ƙi canzawa.

A shekara ta uku asiri ya tonu, kuma a ranar da ta fi kowace nauyi a wurinsu, Juma'ar da ke gaban Ista. Tsumman tacewa ya tsufa ya huje, Balaraba ba ta lura ba. Fada ya dawo daga coci da yunwa, ya sa cokali, ya ɗago ƙafar zakara da faratanta.

Ya zo bakin zana riƙe da ita, Ɗanjuma na biye.

"Uwargida, mene ne wannan?"

Ta duba ta ce, "Ƙafa ce. Yi haƙuri, ta Mamman ce."

Fada ya kalli ƙafafun Mamman, wanda ke zaune a tabarma da sauran zakaran a gabansa. Sai da Ɗanjuma ya yi bayani sau biyu kafin ya gane. Da ya gane, sai ya nemi turmi ya zauna.

Ya ce, "Kowace Juma'a?"

"Kowace Juma'a. Ai ba na wasa da aikina."

"Amma na ce ba na cin nama!"

"Ka taɓa tauna nama a gidan nan ran Juma'a? Faɗi gaskiya, kai malami ne."

Fada ya ce a dokarsu romon nama ma nama ne. Balaraba ta ce ita ba ta taɓa jin inda ruwa ya zama nama ba, in haka ne to wanda ya sha ruwan rafi ya ci kada. Mamman dai ya ja kwanonsa kusa.

Washegarin Ista Fada ya hau babur ya tafi Kano ya furta zunubinsa gaban wani Fada. Ita kuwa Balaraba hankalinta bai kwanta ba. Ta yi lulluɓi ta tafi wurin Malam Alkasim, mai makarantar allo a bakin kasuwa, ta durƙusa daga nesa.

"Allah gafarta Malam, tambaya gare ni. Mutum yana ɗaukar zunubin addinin da ba nasa ba?"

Malam ya saurari labarin har ƙarshe, ya shafa gemu ya ce, "Zakaran, an yanka shi yadda ya kamata?"

"Maigida ne ya yanka."

"Baƙon ya ƙoshi?"

"Har ya yi kumatu."

"To, ni a littattafaina ban ga laifinki ba. Nasu littafin kuwa ba ni da shi. Amma tunda amana ya ba ki, ki dafa masa yadda ya ce." Ta tashi za ta tafi, ya ƙara da cewa, "Ita miyar, in an yi kuskure an sake yin irinta, kada a zubar. A aiko nan."

Fada ya dawo bayan kwana uku da sauƙin rai. An gaya masa wanda bai sani ba ba shi da laifi. Amma an sa shi ya janye wa'azin, ya kuwa tsaya gaban jama'a ran Lahadi ya janye. Laraba ta yi wata biyu ba ta gaida Balaraba.

Aka koma busasshen kifi daga kasuwar Tudun Wada, tunda dokarsu ba ta hana kifi ba. Kifi ba a tsame shi, Fada ke cinye abinsa. Mamman ya fara zubewa. Wata Alhamis ya shigo gidan Fada rungume da agwagwa.

"Ranka ya daɗe, wannan a ruwa take kwana, a ruwa take tashi. Kifi ce mai fuka-fuki."

Fada ya ce a'a. Mako na gaba Mamman ya kawo akuyar da ya ce ta faɗa rafi ta yi iyo da kanta, kowa ya gani. Fada ya ce a'a. Mako na uku ya zo yana jan guza da igiya, ƙato, tsawonsa ya kai zira'i uku, yana fitar da harshe. Fada ya buɗe baki zai ce a'a, sai ya tsaya. Mutum ne mai gaskiya. Ya shiga ɗaki ya ɗauko wani baƙin littafi mai kauri, ya yi ta buɗawa, guza na kallonsa. Can ya rufe littafin a hankali ya ce dabba mai sanyin jini, irin kifi da kwaɗo da wannan, doka ba ta hana ba.

Mamman ya yi kabbara a tsakar gidan Fada.

Balaraba ta dafa guza da kuɓewa busasshiya da citta da barkono mai yawa. Ta kawo kwano da gutsuren wutsiya a sama. Fada ya daɗe yana kallon wutsiyar. Ya ɗanɗana miyar, ya lumshe ido, ya sake kallon wutsiyar.

Ya ce, "Uwargida, miyar ta yi. Amma don Allah, naman, a riƙa cirewa."

Ta ce, "A kai wa wa?"

Mamman dai ya riga ya wanke hannu.

Shekara huɗu aka yi a haka. Guza ya yi wuya a duwatsun Riruwai, har mafarauta suka kai ƙara wurin mai gari. Matan coci suka dawo koyon miya, wannan karon da ido a buɗe, Laraba ce ma kan gaba. Wata Sistar coci da ta zo ziyara daga Kano ta rubuta yadda ake yin ta a takarda, amma da aka zo kan guza sai ta ajiye alƙalami. Fada bai taɓa ce wa Balaraba ta shiga addininsa ba, ita ma ba ta taɓa ce masa komai a kan nasa ba, sai sau ɗaya da ta tambaye shi dalilin da ya sa ba ya aure. Ya ce doka ce. Ta ce, "Ku dai da doka."

A 1958 aka mayar da Fada Duli ƙasarsu. Ranar tafiya ya tsaya bakin zana ya yi ta godiya, idonsa ya kawo ruwa. Balaraba ta ce daga cikin ɗaki, "Allah ya kiyaye hanya. Ka riƙa cin abinci."

Sabon Fada da aka kawo saurayi ne mai fara'a. Ranar farko Balaraba ta aika masa tuwon dawa da miyar taushe. Ɗanjuma ya dawo da kwano yana sunkuyar da kai. Da ta matsa masa, ya ce Fada ya ture miyar gefe, ya zuba wa tuwon madara da sukari, ya sha da cokali, ya ce ya yi daɗi.

Balaraba ta karɓi kwanon. Ta wanke tukwanenta ta kife. Kafin mako ya zagayo ta sa Mamman ya ɗaure wa jakuna kaya, suka koma Burumburum, inda ya kama noman dawa, ita kuma ta riƙa sayar da ƙosai a ƙofar gida. Sau biyu Ɗanjuma ya zo a keke yana ba ta haƙuri, ya ce sabon Fada ya tuba. Ta ba shi ruwa da fura, ta tambayi lafiyar Laraba da yara, ta raka shi har bakin zaure, amma ba ta koma ba.