Allunan da Aka Kai Sito

A shekarun da kuɗin mai ya cika Abuja, ko'ina ka juya ana ɗaga sabon bene, ni ina koyarwa a wata cibiyar horar da injiniyoyi. Abin taƙamata wasu korayen allunan lantarki ne da wata jami'ar waje ta ba mu kyauta. Allon ba ya zuwa da aikinsa. Kai za ka soka shi cikin kwamfuta, ka rubuta masa yadda zai karɓi saƙo, ya duba inda aka nufa da shi, ya tura. Yau ka mai da shi mai raba saƙonni tsakanin kwamfutoci, gobe ka goge ka mai da shi mai gadi.

Ɗalibar da ta fi kowa iya su wata matar aure ce da ke shigowa daga Mararaba kullum cikin cunkoson motoci. Ranar da allonta ya fara aika saƙo zuwa kwamfutar da ke ƙarshen ɗaki, sai ta miƙe tana tafi.

"Malam, ni na gina wannan! Ni da hannuna!"

Ana nan aka kawo mana sabon darakta. Ya shigo ɗakin gwaji, ya ga wayoyi a warwatse, ya yamutsa fuska.

"Malam, wannan tarkacen za mu nuna wa minista?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, da su ake koyon ƙera na'urar tun daga cikinta."

Ya ce, "Wa ya ce mu ƙera? Ai akwai masu ƙerawa. Mu saye za mu yi."

Aka kuwa ba da kwangila. Aka kawo manyan na'urori a rufe ruf, da sharaɗin duk wanda ya kwance ko noti ɗaya, kamfani ya cire hannunsa. Aka jera su a ɗakinmu, aka kewaye da gilashi, makulli yana aljihun ɗan kwangila. Minista ya zo, aka ɗauki hotuna. Ɗalibaina suka koma leƙe ta gilashi.

Allunanmu kuwa aka zuba a kwali aka kai sito. Na yi ta sintiri zuwa ofishin darakta don a ba ni su, kullum amsar ɗaya: oga yana mitin. Da damina ta kama rufin siton ya yi yoyo. Lokacin da aka yarda na buɗe kwalin, tsatsa ta gama da su.

Ita kuwa ɗalibar nan ta Mararaba, aka sa ta canza aikinta na kammala karatu, ta rubuta bayanin kyawun sababbin na'urorin da ba ta taɓa taɓawa ba. Ta ci da maki mai yawa.

Bayan wasu shekaru na same ta a wani banki, tana aiki a bayan kantar biyan kuɗi, layi ya tsaya cik saboda sabis ya ɗauke. Muka gaisa. Ta rage murya.

"Malam, wallahi na san inda matsalar take. Amma an ce mu jira a turo mutum daga Legas."

Na koma layi na jira tare da kowa. Har aka tashi mutumin bai iso ba.