Bog Ɗin da Ya Hana Yayana Injin Ban Ruwa

A ofishinmu na Dutse, ɗaki biyu da fanka ɗaya a saman wani shagon sayar da tayoyi, ba a taɓa yin kuskure ba. Wallahi ko sau ɗaya. Mu huɗu muke rubuta manhajar kwamfuta a wurin, kuma duk abin da ya lalace sunansa bog. Bog, wai wani ɗan aibu ne da ke ɓuya a cikin manhaja ba da sanin kowa ba, kamar gara a cikin azara. Oganmu, mai kamfanin, shi ya koya mini wannan tun makona na farko.

"Kada ka kuskura ka ce wa mai aiki ka yi kuskure," in ji shi. "Kuskure yana da uba, za a nemo shi. Bog maraya ne."

Na riƙe karatun nan da kyau, har na fi malamin iyawa.

Wata shekara, gab da shigowar rani, wata ƙungiyar manoma ta ba mu aiki. Za ta raba injinan ban ruwa ga masu noman fadama a wajen Kafin Hausa, tana son manhajar da za ta tace sunaye, don akwai masu cike fom sau biyu. Ni aka ba aikin. Na zauna na kafa doka mai kyan gani: duk mutum biyu da sunansu, da sunan da suka biyo da shi, da ranar haihuwarsu suka zo ɗaya, to mutum ɗaya ne, a share na biyun. Na gwada da sunayen da na ƙirƙira, ta yi aiki tsaf. Oga ya dafa kafaɗata. Ranar har tsire na saya wa kaina.

Ƙauyenmu yana cikin yankin da aka yi rabon. Kwana uku da gamawa sai ga wayar Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ragamar gidanmu take hannunsa tun rasuwar tsohonmu. Babban ɗansa, yayana, bai samu inji ba. Ya riga ya dasa albasa fal fadamarsa saboda an tabbatar masa sunansa ya shiga, ya ma sayar da tsohon injinsa da ya addabe shi da lalacewa. An ce masa kwamfuta ce ta cire shi.

Na buɗe manhajar na duba. Nan take na ga abin da ya faru.

Kakanmu mutum ne da ake ji da shi, don haka kowane ɗa nasa da ya samu namiji sai ya mayar masa da suna. Mu biyar ne a gidan muke ɗauke da sunan. Amma ba wanda ke furta shi, don wa zai buɗe baki ya kira sunan mahaifinsa gatsau a tsakar gida? Kowa da laƙabinsa ya tashi, sunan gaskiya sai a takarda. A takardar kuma ba sunan uba muke bi da shi ba, sunan ƙauye muke liƙawa. Ranar haihuwa fa? Duk wanda ya taɓa zama gaban mai cike fom a yankinmu ya sani: ɗaya ga Janairu ce, shekara kuma a dubi fuskarka a yanka maka. Yayana da ɗan wani baffan namu damina ɗaya aka haife su. Manhajata ta ga mutum ɗaya ya zo sau biyu, ta share na biyun.

Ba ta yi gardama ba, ba ta ƙara komai nata ba. Abin da na ce ta yi, shi ta yi. Kuma ni ɗin nan, katin da ke aljihuna sunan kaka ne a kai, da sunan ƙauye, da ɗaya ga Janairu.

Na kai wa Oga maganar. Ko gezau bai yi ba. Ya rubuta wa ƙungiya cewa an gano wani ƙaramin bog kuma an magance shi. Suka yi godiya, har da yaba mana saurin gyara. Injina kuwa sun ƙare, sai dai wani rabon.

Ranar Asabar na hau mota zuwa gida, ina maimaita jawabina a hanya. Na tarar da Baffa a bakin fadama, zaune a kan buhu. Can ƙasa yayana yana jan ruwa daga rijiya da bokiti, yana bin kunya-kunya yana zubawa. Mutum mai 'ya'ya shida. Ganyen albasar ya fara kwantawa. Yayana ya ɗago ya amsa gaisuwata ya ci gaba da aikinsa, kuma wannan ya fi mini zagi ciwo.

Na durƙusa na gaida Baffa, sannan na shiga bayani. Na ce bog ne. Na ce kowace manhaja a duniya tana da shi, har ta manyan kamfanonin Turai. Na yi ta zuba, har ina jin daɗin muryata.

Baffa ya bari na gama.

"Shi wannan abu," ya ce, "daga waje yake shigowa, kamar fara?"

"A'a, Baffa. A ciki yake."

"To wa ya sa shi a ciki?"

"Ai ba sa shi ake yi ba. Yakan faru ne kawai."

"Ikon Allah. Ita na'urar ce ta ƙi bin umarninka ke nan."

Ƙaryar da nake yi wa masu aiki a Dutse ta ƙi fitowa a gaban mutumin da ya yi mini huɗuba ranar da aka haife ni.

"Ta bi, Baffa."

"Madalla da ita, ta fi wasu 'ya'yan." Ya miƙa hannu bayan buhun ya jawo wani bokiti, ya ajiye shi tsakanina da shi. "Ni ban yi boko ba, ɗana. In annoba ce ta faɗa wa albasar nan, sai mu ce Allah ya mayar da alheri, ka sha fura ka koma Dutse, ba mai riƙe ka. In kuma mutum ne, to rijiya tana can. Kai ka san wanne ne."

Na dubi bokitin. Na dubi takalmina sau-ciki da na goge da safe. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, don hanyar fita a buɗe take, kalma ɗaya ce, kuma na san Baffa ba zai sake tayar da maganar ba har abada.

Na cire takalmin, na naɗe wando.

Asabar bakwai na yi ina zuwa. Rabin albasar muka ceto. Oga ya ga tafin hannuna duk ya yi kanta, ya tambaye ni me ya same ni. Na ce masa kuskure na yi, kuma an gano ubansa.