Mai Yankan Tikiti a Hanyar Kebbe

Rufa'i ɗan kabu-kabu bai san sunansa ba. Dattijo ne siriri mai koɗaɗɗiyar hula, yana zaune gindin dogonyaro da littafin tikitin haraji a cinya. Ba ya daka wa kowa tsawa. Sai ya lashi yatsa, ya yage takardar a hankali, ya miƙa da hannu biyu. Wataƙila tsohon malamin makaranta ne.

Yau Rufa'i yana gunaguni: "Baba, kullum biya! Ina kuɗɗinmu ka zuwa?"

Dattijon ya nuna sabon kwalbati da haɓa, daidai rafin da bara ya hana Rufa'i kai matarsa asibiti tana naƙuda.

"Yanzu kat taka su, ɗana."

Rufa'i ya karɓi takardar, shi ma da hannu biyu.