Ranar da Ɗalibata Ta Haɗiye Ruwan Soda

Bayoloji na karanta, amma da aka turo ni wata sakandare a yankin Kusada sai na tarar babu malamin kemistiri. Shugaban makaranta ya ce in riƙe kafin a turo wani. Ba a turo ba. Haka na riƙa karanta darasi yau in koyar gobe, kullum ina tsoron kada wani ya yi mini tambayar da ta wuce inda na tsaya.

Ɗakin gwajinmu tsohon aji ne da aka jera wa tebura. Abin da na fi tsoro a cikinsa shi ne gwajin da ake ɗiga asid cikin ruwan soda har launi ya juya. Sodar nan ita ce dai wadda mata ke sabulu da ita, kuma na san yadda take cin fatar hannu. Mukan tsinka ta da ruwa sosai, amma soda ce. Ana auna ta da wani siririn bututun gilashi, wanda ya kamata a ce akwai roba a kansa da za a matsa ta zuƙo ruwan. Mu ba mu da robar. Da baki yara ke zuƙa, in ruwan ya hau su toshe da yatsa.

Farkon damina ne, muka shirya wa 'yan ajin ƙarshe jarrabawar gwaji kafin babbar. Ina zagayawa tsakanin tebura ina ba da maki, sai na ji wani irin tari a bayana, kamar an shaƙe mutum. Na waiwaya. Wata yarinya ce daga Kaikai, mai shiru-shiru, wadda ke zama kusa da taga. Bakin bututun ya fito daga cikin ruwan tana tsakiyar zuƙa, iska ta shiga, ruwan ya harbo mata cikin baki. Ta riƙe wuya da hannu biyu, idanunta sun firfito.

"Kin haɗiye?" na tambaye ta.

Ta ɗaga kai alamar e.

Na jawo ta bakin ƙofa, na fizgi butar ruwa, na ce ta kurkure ta zubar, ta sake kurkurewa. Aji ya kaure da salati. Matar da ke sayar da awara a bakin makaranta ta taho da gudu da kwalbar manja.

"Malama, a ɗura mata ta amayar!"

"A'a! Kada ta yi amai. In ya dawo zai sake ƙona ta."

Na faɗi haka da ƙarfi, amma a littafi kawai na karanta shi, ban taɓa ganin an yi ba. Shugaban makaranta ya tsayar da ɗan kabu-kabu, muka sa ta a tsakiya, na hau bayanta na rungume ta, muka nufi asibiti a Kankiya.

Ban taɓa jin nisan hanyar nan ba kamar ranar. Ga mutane ko'ina cikin gonaki suna shuka, ni kuwa kunnena na manne da bayanta ina sauraron numfashinta. Duk sanda ta yi shiru sai in girgiza ta. Miyau na zuba kan hijabinta don ta kasa haɗiyewa. Ina ta lissafi a zuci, ko na tsinka ruwan daidai, ko hannuna ya zarce da safe. Na san na auna, na sake aunawa, amma a kan mashin ɗin nan babu abin da na yarda da shi.

Ma'aikacin da ya karɓe mu ya haska mata baki, ya tambaye ni ƙarfin haɗin, na faɗa masa. Ya ce an yi daidai da ba a sa ta amai ba, amma sai ta kwanta an ga yadda maƙogwaron zai yi, don wani lokaci kumburi daga baya yake zuwa. Na zauna a benci ina kallon ƙirjinta yana hawa yana sauka.

Bayan azahar mahaifinta ya iso. Daga gona aka ɗauko shi, ƙafafunsa duk laka. Ya tsaya a kanta ya dube ta, sannan ya juyo.

"Ke ce malamar?"

"Ni ce, Baba."

"Mi ta sha?"

"Ruwan soda ne, amma an tsinka shi."

"Sodar sabulu? Ita kuke ba ɗiyan mutane su sa a baki?"

Na so in ce ba sha ake yi ba, in yi masa bayanin robar da babu, sai na ji duk maganar ba ta da nauyi. Na sunkuyar da kai ina jiran ya ce zai kai ƙara, ko ya cire ta daga makaranta. Bai ce ko ɗaya ba. Ya zauna a ƙasa gefen gadon yana jan carbi, bai sake kallona ba.

Kumburin bai zo ba. Washegari aka sallame ta, ta yi kwanaki tana shan koko da kunu kawai, muryarta a dishe. Amma labari ya riga ya zaga ƙauyuka cewa guba ake ba yara a ɗakin gwaji, har wasu iyaye suka hana 'ya'yansu shiga. Na je kemis na samo sirinji da 'yar siririyar tiyo, na haɗa da bakin kowane bututu, yadda za a ja ruwan da hannu. Na bi gidaje da shi cikin jaka ina nuna wa iyaye mata. Wasu suka yarda, wasu suka ce sai sun yi shawara.

Gidan su yarinyar ne na ƙarshe da na je, don tsoro. Mahaifin ya karɓi sirinjin a zaure, ya ja ruwa daga kofi, ya tura, ya sake ja.

"Da can ina wannan yake?" ya ce.

Ya miƙo mini, ya ce ta koma makaranta ran Litinin.

Ranar babbar jarrabawa ba a barin malamin darasi kusa da yara, sai na tsaya daga waje jikin taga. Na ga ta ɗauki bututun ta ajiye, ta sake ɗauka. Ta daɗe tana kallonsa, har mai sa ido ya matso ya yi mata magana. Sannan ta ja ruwan a hankali. Ta gama a ƙarshen mutane, kuma da sakamako ya fito ta ci, duk da ba da maki mai yawa ba. Yara biyu daga ajin ba su shiga ɗakin ba sam, suka rasa darasin.