Littafin da Na Kai wa Habibu a Lyon

Asabar, Stains zuwa Lyon

Na bar gida bayan sallar asuba. Bas ta kai ni metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, metro ta sauke ni babbar tashar jirgin ƙasa ta Gare de Lyon. A tashar wani ɗan sanda ya leƙa jakata, ya ga kilishi da littafin yara, ya ce in wuce.

Littafin na Habibu ne, ɗan ƙanena Isuhu, mai shekara shida. Yaron nan yau ya ɗaura kallabin uwarsa ya ce shi yarinya ce, gobe ya sa wando ya bi ƙwallo. Uwar ce ta kira ni, wai ya daina cin abinci, yana cewa babansa ya tsane shi. Aikina jera littattafan yara ne a ɗakin karatun unguwarmu, saboda haka ban yi dogon nema ba.

Awa biyu jirgi ya yi. Kafin azahar taram, ƙaramin jirgin cikin gari, ta ajiye ni Les Minguettes, unguwar su Isuhu.

Gidan Isuhu

Bayan tuwon semul na garin alkama da miyar kuɓewa, na ɗora Habibu a cinya muka buɗe littafin. Yaron ciki wani shafi da siket, wani da wando, kuma kowane shafi yana saman wuyan ubansa.

"Tanti, shi babansa yana kiran sunansa," in ji Habibu. "Nawa sai dai ya ce 'kai yaro'. Don kallabi ne?"

Raina ya sosu, amma nan take na gane ciwon. Habibu ɗan fari ne, Isuhu kuwa kunyar Damagaram ya ɗauko har Faransa: ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa gaban mutane. Wa zai faɗa wa yaron da aka haifa a Lyon cewa wannan ma so ne?

Na tare Isuhu a barandar bene.

"Kallabin ne ke damunka?"

"Yana damuna, Yaya, ban san yadda zan yi ba. Amma ɗana ne."

"To shi bai sani ba. Mu muna da kakanni masu yi mana bayani. Shi wa yake da shi a hawa na tara?"



Lahadi, komawa

Bayan azahar suka rako ni taram, Habibu da kallabinsa a ka, rungume da littafin. Ya ruga gaba, sai na ji Isuhu ya yi gyaran murya.

"Habibu, zo nan."

Yaron ya tsaya cak, ya waiga yana neman mai kiran. Uban ya ɗaga shi ya aza a wuya.

Na iso Stains da magariba lafiya, na gode Allah. Ina cire takalmi uwar ta kira, wai Habibu ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari.