Waken Baba a Cikin Kwalta

Mu mutanen Toranke, gefen titin da ya ratsa ta garinmu shi ne wurin shanyarmu. Barkono, gyaɗa, kuɓewa, komai a nan yake shan rana. Baba ma a nan yake shanya irin wakensa kafin ya cuɗe shi da toka ya rufe a tulu. Wani farin wake ne mai baƙin ido, kakanmu ya taho da shi daga gabas, kuma duk garin babu mai shi sai gidanmu.

Shekarar da idon Baba ya soma hazo, ma'aikata suka zo gyaran titi. Ba sabo za su yi ba. Tsattsagewa ya yi, shi ne suke share shi, su fesa masa kwalta mai zafi, su watsa tsakuwa, sannan rola ta bi ta danne don kada ruwan damina ya shige ƙarƙashi. Ran nan sun fesa kwalta daidai ƙofar gidanmu, sai tifar tsakuwa ta makara, suka koma inuwa suna jira.

Baba ya fito da ƙwaryarsa. Ya hango wuri baƙi ƙirin, sumul, ya sa wa masu shara albarka, ya tsaya daga gefe ya watsa waken duka.

Salatin Inna, mahaifiyarmu, ne ya fito da ni.

"Malam! Ido ya gaza, hancin ma ya bi shi?"

"To ai tun safe garin duk warin kwalta yake," in ji Baba.

Na so in yi dariya, sai na ga ya durƙusa yana lalube. Wallahi tausayinsa ya kama ni.

Babban ma'aikatan ya ce, "Baba, a tsince abin da ya samu. Tifa na isowa za mu zuba, kwalta in ta huce ba ta riƙe dutse."

Muka duƙufa, mu da maƙwabta, har direban rola ya sauko ya taya mu. Yatsu suka yi baƙi, suna zogi. Da tifa ta iso, abin da muka ceto bai cika tafin hannu biyu ba. Wani ya kawo kalanzir, Inna ta ce zai kashe iri. Da man gyaɗa ta zauna tana goge su ɗaya bayan ɗaya, tana mita.

Da ruwa ya sauka muka shuka, ba wanda ya sa rai. Ranar da na ga tsiro, na riƙo hannun Baba har gona. Ya tsuguna, ya shafa ganyen a hankali.

"Alhamdu lillahi," ya ce. "Da irin nan ya salwanta, me zan gaya wa mahaifina?"

Yanzu Baba ya tarar da mahaifin nasa, mu kuma har gobe waken nan muke shukawa. Sauran yana nan ƙarƙashin tsakuwa a ƙofar gida. Ni dai in zan tsallaka titi, kewaye wurin nake yi.